Farin Saƙin Inna Ya Sake Kama Hanya

Daga Masfala, cikin Makka mai alfarma, zuwa ga ƙanena Ilyasu, soja, a inda aiki ya kai shi bakin tekun Tihama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga yayarka Rakiya, tare da girmamawar da ta dace da mutumin da ke bakin aikin alheri. Ina fata takardar nan ta same ka tsaye da ƙafafunka, kai da waɗanda kuke aiki tare. Mu nan lafiya lau muke. Inna tana gaishe ka, mutanen unguwa suna gaishe ka, har waɗanda ba ka tsaya ka yi wa sallama ba ranar tafiyarka sun ce in gaya maka sun yafe.

Da ajami na rubuta don shi na iya. Na kuma san karatun Hausarka ɗingishi yake yi tun kana yaro, Larabci ya cinye maka harshe. Saboda haka wani za ka miƙa wa ya karanta maka, abokanka kuma su kewaye ku su kasa kunne. To su kasa. Ni ma sai da na karanta wa matan unguwa ita a ƙofar gida kafin in naɗe, domin maganar da ke ciki ba tamu ba ce mu kaɗai.

Usaini direba zai ba ka ƙunshi biyu tare da takardar. Ƙaramin naka ne: dakuwa ce da kilishi da dabino, da yajin nan da kake ci har hanci ya zuba. Babban kuwa ka san shi, don kai ka maido mana shi ta hannun Usainin nan. Likkafanin Inna ne. Ya sake kama hanya zuwa wurinka, kuma abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne kada ya ƙara dawowa. Kada ka kwance shi sai an gama karanta maka.

Ka tuna ranar da kuka tafi. Masu raƙuma ne suka fara kawo labari kasuwa, cewa wata guguwa ta taso daga teku ta ɗauke bukkoki kamar faifai, ruwa ya biyo bayanta ya shiga ƙauyuka. Da hantsi ka shigo cikin kakinka na askari, ka sha shayi a tsaye, ka durƙusa gaban Inna ta dafa maka kai. Kana fita mata suka cika gidan da jaje, sai ka ce yaƙi aka kai ka. Na ce musu su adana hawayensu, wanda zan yi wa kuka shi ne ƙauyen da ba a tura ka ba.

Ba cika baki na yi ba, na san abin da na gani. Shekarar da ruwa ya cika Harami ya gangaro mana Masfala, gemu bai ma fito maka ba, amma kai ka ɗaura igiya a ƙugu ka ba ni bakinta na riƙe, ka dinga shiga kana fito da tsofaffi a bayanka. Hannuna ya yi kanta saboda igiyar nan. Tun ranar na daina jin tsoron ruwa a kanka. Abin da nake tsoro a kanka taurin kai ne, shi kuwa a nono ka sha.

Muna nan sai ga Usaini da motar kayan da ke kai muku hatsi. Ko ruwa bai sha ba ya isar da saƙonka: ku ce wa yayata muna tono mutane daga cikin laka, teku ma tana maido wasu, kuma farin yadi ya ƙare. In akwai mai ko ƙyalle, a taimaka.

Ilyasu, ka san unguwar da ka aika wa wannan saƙo. Babu gidan da ba farin yadi a Masfala, kuma babu gidan da za a ba ka shi da sauƙi. Tsofaffinmu ba kasuwanci ya kawo su garin nan ba. Sun taho ne su sauke farali, in Allah ya yarda kuma su kwanta a maƙabartar Ma'ala, kusa da magabata. Kowannensu yana da likkafaninsa da ya wanke da Zamzam ya shanya a kan tsakuwar Harami, ya naɗe ya sa a ƙasan akwati. Wani ba shi da tabarmar kirki, amma yana da wannan. Za ka iya roƙon tsoho abincin bakinsa ya ba ka yana dariya. Wannan kuwa shi ne abin da ya tanada don ranar da ba zai iya roƙon kowa ba.

Na zaga gida gida da saƙonka. Kowa ya yi salati, kowa ya yi wa mamatan addu'a, aka ba ni tsofaffin zannuwa da 'yan ƙyallaye. Akwati ko ɗaya ba a buɗe ba. Ban ga laifinsu ba, ni ma ban iya buɗe baki na ambaci abin da kowa ya san ina nufi ba. Na dawo gida da ɗan abin da bai cika ƙwarya ba.

Inna ta dube ni ta dubi ƙwaryar. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ƙarar murfin akwatinta.

Ba sai na gaya maka mene ne farin saƙin nan a wurin Inna ba, amma zan faɗa saboda masu sauraro. Kakarmu ce ta kaɗa zarensa da hannunta a can ƙasar Katsina, daga audugar gonarsu, masaƙin garinsu ya saƙa. Ta ba Inna ranar da za su taso ita da Baba, ta ce tun da ba za ta ga kwanciyarta ba, to ga hannunta nan ya rufe ta. Da shi suka ratsa Barno da Wadai. A kansa aka kwantar da kaina a Sudan inda aka haife ni, lokacin da suka tsaya noman audugar mutane don su sami na gaba. A hanya an rabu da jaki, an rabu da tasoshi, an rabu da munduwayen Inna, shi kuwa yana ɗaure a cikinta har cikin jirgin ruwan da ya tsallako da mu. Da Baba ya rasu nasa aka sa masa, nata ya ci gaba da jira.

Duk shekara bayan alhazai sun watse takan fito da shi ya sha iska, ta zuba masa kanumfari ta mayar. A irin wannan shanyar ce ka same shi, kana ɗan mitsitsi, ka ja shi ka yafa wai kai ma ka yi harami za ka Arfa, hannunka dumu-dumu da dabino. Inna ba ta taɓa dukanka ba sai ranar. Ta mayar da shi Zamzam ta wanke, ta sake wankewa, amma tabon yatsunka ya zauna a gefe ɗaya daram. Daga baya in ta fito da shi har shafa wurin take yi, tana cewa ko a kabari ba za ka bar ta ta huta ba.

Shi ta ɗauko. Ba ta ba ni a ɗaki ba, kai ma ka san Inna. Ta ɗora shi a ka, ta fita ta bi tsakiyar unguwa a hankali har inda motar Usaini take tsaye, ta sauke ta miƙa masa. Mata suna leƙe ta kan darni. Abin da ta ce kawai shi ne: “Ni dai da raina. Waɗancan kuwa yau suke bukata.”

Kafin la'asar akwatuna suka fara buɗuwa. Tsofaffi suka dinga fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa a hammata, wani yana tafe yana share ido. Har daga unguwar Ka'akiyya mai nisa wani makaho ya sa aka jawo shi ya kawo nasa. Ta ƙarshe ita ce Gwaggo Dije, maƙwabciyarmu mai waina, wadda ka san bakinta ya fi wuƙar mahauci. Ta daɗe tsaye da nata a ƙirji, sannan ta dubi Inna ta ce: “Don ke na bayar, ya Hajiya. Wallahi ba don na ga naki a motar nan ba, da ko sarki ne ya aiko sai dai ya yi haƙuri.” Motar ta tashi tana ƙamshin kanumfari da turare.

Ranar na yi alfahari da unguwarmu, na yi alfahari da kai da ka sa aka yi. Usaini ya ba mu labarin yadda kuka karɓa, da yadda kuka suturta bayin Allah nan ɗaya bayan ɗaya kuka yi musu salla. Ya ce kai ne mai shiga rami. Ya ce wani dattijon ƙauyen ya sunsuna yadin ya tambaya daga ina, da aka ce masa daga Takarin Makka ne, wato Hausawa mazauna can, kuma da Zamzam aka wanke, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Amma a wannan dawowar ce Usaini ya sauko da ƙunshi a hannu, a gaban kowa, ya nufi ƙofarmu. Ya ce ka ɗaga wani farin saƙi za ka yanka, sai ka ga tabo a gefensa, ka tsaya. Ya ce ka naɗe shi da kanka ka ce: “Hada la, wannan kam a'a. Ka mayar wa yayata, wannan ban iya ba.”

Ƙanena, na san abin da ya kama ka. Ka wuni kana sa mutane a rami, sai ga yatsunka na yarinta a jikin likkafanin uwarka. Ka hango ranar da za a neme shi a buɗe akwati a tarar babu. Ni ma da na karɓi ƙunshin sai da na shiga bayan ɗaki na yi kukana, kuma wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗin ganinsa. Ƙaunar da ta sa ka yi haka ba ni da abin cewa a kanta, ina sonka da ita. Sai dai ka yi kuskure, kuma ni ce yayarka, ni zan gaya maka.

Kai kana can kana ganin uwarka kaɗai. Ba ka ga unguwa ba. Duk wanda ya buɗe akwatinsa don ya ga Inna ta buɗe nata ne. Yanzu nasu yana ƙarƙashin ƙasa a Tihama, nata kuma ya dawo gida a naɗe. Gwaggo Dije tana bakin tandarta lokacin da Usaini ya wuce da ƙunshin. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai juya wainarta ta ce: “Ashe likkafani ma akwai mai ɗa askari.”

Maganar ta zaga Masfala kafin wainar ta huce. Ba wanda ya zo ya ce wa Inna komai, kuma da sun zo da ya fi sauƙi. Gaisuwa ce ta gajarce. Matan da suke biyo mata su tafi Harami tare suka fara wucewa ta bayan gida. Inna, wadda ko zazzaɓi bai hana ta zaman ƙofar gida, ta koma ɗaki. Ƙunshin yana kan akwati, ta ƙi mayar da shi ciki, ta ƙi taɓa shi. Na ce mata ai kowa ya san ba ita ta aika a dawo da shi ba. Ta ce: “Abin da na ba Allah ne aka maido mini, Rakiya. Da wane ido zan kwanta a cikinsa?”

A nan ne na fara jin tsoro, karo na farko tun tafiyarka. Matar da ta taka daga Katsina zuwa Makka ba ta sunkuyar da kai ba, ga ta tana ɓuya a ɗaki saboda ɗanta ya so ta da yawa.

Amma ka san Inna ba ta daɗewa a ƙasa. Da safe ta sa na kira mata Usaini, ta zaunar da shi ta ba shi kunu, ta ce ya gaya mata abin da idonsa ya gani, kada ya rage. Ya ce mamata kam an kusa gamawa da su, yanzu aikinku tono rijiyoyin da laka ta cike ne da kafa rumfuna da rabon hatsi. Ta ce masu rai fa? Ya ce akwai matan da ba sa fitowa karɓar rabo. Suna tsugune a bayan abin da ya saura na darni, ruwa ya tafi da tufafinsu. A wani gidan zane ɗaya ne, wadda za ta fita ita ke ɗaurawa, sauran su jira ta dawo.

Inna ta ce: “Tayyib, na ji.” Ta yafa mayafinta ta ce in raka ta kasuwa. Shuni ta saya. Muka dawo ta jawo babbar tukunyar nan da muke jiƙa gero, ta tace toka, ta haɗa ruwan baba yadda ta ga ana yi a gidansu tana yarinya, ta rufe ta bar shi ya nuna. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta gaya mini ba. Na dai gane, na kuma san in farin nan ya shiga tukunyar ya shiga ke nan.

Ranar da tukunya ta nuna, da kanta ta je ƙofar Gwaggo Dije ta yi sallama. Ta ce mata tana da aikin da ya fi ƙarfin hannu biyu, ta zo ta kama mata. Gwaggo ta biyo ta tana ɗaure da fuska. A tsakar gida, da rana tsaka, mata suna leƙe ta kan darni kamar wancan karon, Inna ta kwance ƙunshin, ta warware farin saƙin kakarmu, ta yanka shi zane zane. Ta ɗauki na farko ta yi bisimilla ta tsoma.

Gwaggo Dije ta kama mata hannu ta ce: “Ke Hajiya, aib, bai kamata ba. Magana ce kawai na yi, bakina ne ba ya da linzami.” Inna ta ce mata: “Gaskiya kika faɗa. Kama nan mu matse.”

Haka suka wuni, tsofaffi biyu, ɗaya ta kama nan ɗaya ta kama can, suna tsomawa suna matsewa suna shanyawa. Yana fitowa kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a kan idonmu. Gwaggo tana matsa tana kuka tana faɗa wai hayaƙin murhu ne, alhali ko wuta ba a hura ba. Kafin a gama matan da ke leƙe sun shigo, wata ta kawo allura tana kalmasa baki, wata ta koma gida ta ɗauko mayafinta na biyu ta ɗora a kan kayan. Washegari da za su Harami, a ƙofarmu suka tsaya suna kiran Inna ta yi sauri.

To ga shi nan a gabanka, Ilyasu. Yanzu kana iya kwancewa. Zannuwa ne shuɗɗa, masu kauri, irin waɗanda za su yi shekaru ana wanki. Ka nemi tabon yatsunka in za ka gan shi. Abin da Zamzam ya bari shuni ya rufe. Babu sauran abin da za ka maido, don ba wanda zai kai uwarka Ma'ala cikin shuɗi. Ta san da haka sarai lokacin da ta tsoma, ta yi ne don ta fi ka taurin kai, kuma ta fi ka.

Na san tambayar da ke cinka, don ni ma na yi mata ita muna wanke tukunya. Na ce Inna, ranar da Allah ya yi kiranki fa, da me za mu rufe ki? Ta dube ni kamar na tambaye ta hanyar Harami. Ta ce: “Ina da ɗan da ya shiga rami ya suturta mutanen da bai san sunansu ba. Shi ne zai rasa abin da zai rufe ni?” Ta ce in gaya maka ko yadin kasuwa ne na kowa da kowa ya ishe ta, in dai hannunka ne zai ɗaure.

Saboda haka ka kwantar da hankalinka ka yi aikin da aka tura ka. Inna tana cin tuwonta, tana zuwa sallarta, tana faɗa da ni a kan gishiri. Rufin ɗakinta da kake ta damuwa da shi na sa an gyara. Kada ka roƙi a sallame ka kafin a sallami 'yan'uwanka, kada ka bar rijiya a rabi don kana tunanin gida. Gida yana hannuna, kuma ka san igiyar da na riƙe maka ba na saki. Ka ci dakuwarka, ka ba na kusa da kai, ka daina shiga laka da ciwo a ƙafa, don Usaini ya gaya mini wannan ma.

Zannuwan kuwa kada ka tsaya a fili ka ce a zo a karɓa, waɗanda aka yi dominsu ba za su iya fitowa ba. Ka nemi wata tsohuwa a ƙauyen ka damƙa mata, ita ta san darnin da za ta bi. Kada a ce musu komai game da abin da yadin yake a da. Abu ɗaya Inna ta roƙa. Ta ce in ka hangi wata ta fito karɓar hatsi da shi a jikinta, ka kawar da kai yadda ya kamata, amma ka ɗan lura, in ka dawo ka gaya mata ko ya yi mata kyau.

Allah ya jiƙan waɗanda kuka binne, ya sa Zamzam ɗin da ke jikin yadinsu ya zame musu sanyi. Allah ya mayar wa masu rai abin da ruwa ya ɗauke, ya rufa asirin matan da za su ɗaura zannuwan nan duniya da lahira. Tsofaffinmu da akwatunansu suka zama wayam, Allah ya tufatar da su da abin da ya fi wanda suka bayar. Kai kuma Allah ya ƙarfafa bayanka, ya tsare ka daga ruwa da laka da zazzaɓin bakin teku, ya dawo mana da kai a kan ƙafafunka bayan ka gama, ya ja kwanan Inna har ta ji amsar tambayarta daga bakinka. Amin.

Wassalam. Ni ce yayarka mai riƙe maka gida,
Rakiya.

Shuɗin da za ka gani a ƙasan sunana ba tawada ce ta zube ba. Hannun Inna har yau bai saki shuni ba, ta ce tun da ba ta iya rubutu ba in matso mata da takardar. Babban yatsanta ne.